Kwamfuta a Ajin Firamare: Likita Ya Amsa Tambayoyinku

Wata uwa daga Mabera ta tambaya: Likita, tun da aka fara darasin kwamfuta a makarantarsu, ɗana mai shekara takwas yake dawowa gida yana murza ido. Kakarsa ta ce hasken na'urar zai makantar da shi. Gaskiya ne?

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ki kuma kwantar wa Inna da nata, domin hasken kwamfuta ba ya makantarwa. Mutum yakan ƙifta ido kamar sau 15 zuwa 20 a minti guda, amma da zarar yaro ya ƙura wa kwamfuta ido sai ƙiftawar ta ragu, ruwan da ke jiƙa idon ya bushe, ga kuma ƙurar hunturu irin tamu ta Sakkwato da iskar fanka suna ƙara busar da shi. A roƙi malaminsu ya riƙa tsayar da su bayan kowane minti 20, su dubi abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20, ko da bishiyar dogon yaron da ke bayan taga ce. Abin da ya fi damuna shi ne matsalar rashin ganin nesa, wadda ake alaƙantawa da yawan kallon abu na kusa da ƙarancin fita waje, saboda haka a bar shi ya yi wasa a fili idan rana ta yi sanyi. Idan kuwa yana kanne ido kafin ya karanta allo, a kai shi a auna idon, kuma kada a sayo masa maganin ɗigawa a kemis ba da umarnin likita ba.

Wani malamin firamare daga Arkilla ya ce: Mun samu kwamfutoci, shin mu rage rubutu da fensir?

Malam, ban ba da wannan shawarar ba. Amfanin kwamfuta a fili yake, tunda tun 2015 da ita ake zana jarabawar JAMB, kuma ɗalibin da bai taɓa danna ta ba yakan ruɗe ranar jarabawa ko da ya san amsa. Sai dai zana harafi da hannu yana taimaka wa ƙaramin yaro ya gane shi ya kuma riƙe shi, kamar yadda muka gani tun a makarantar allo. Ka lura da zama kuma: sau da yawa kujerun manya ake ba yara, ƙafafu suna lilo, wuya a ɗage. A sa musu abin taka ƙafa, saman fuskar kwamfutar ya yi daidai da ido, nisanta kuma ya kai tsawon hannu.

Wani uba daga Runjin Sambo ya tambaya ko 'yarsa mai farfaɗiya za ta iya shiga darasin.

Za ta iya, Alhaji, domin kaɗan ne daga cikin masu farfaɗiya walƙiyar haske ke tayar wa da ciwon. A sanar da malaminta, a guji bidiyo mai walƙiya, a kuma ji ta bakin likitan da ke duba ta kafin ta fara.