Amsa: Maganin homon ƙanƙani zai rage ciwon gaɓoɓi da fargaba bayan ɗaukewar al'ada?

Hajiya, kin ce shekara 2 ke nan da ɗaukewar al'adarki, gwiwoyi da yatsu na ciwo, gabanki na faɗuwa ba dalili. Sannu. Eh, maganin homon, wato mayar wa jiki kaɗan daga sinadarin mace da ya ragu, yana iya taimakawa, musamman idan zafin jiki da gumin dare ne ke hana ki barci, domin rashin barci yana ƙara fargaba. A kan gaɓoɓi sauƙin kaɗan ne. Amosanin da ya cinye guringuntsi ba zai warke da shi ba.

Likitoci kan fara da filastar istiradiyol (nau'in homon mace da ake kira istirojin) mai maikirogiram 25, ana canza yawancinsu sau 2 a mako. A liƙa ta ƙasan cibiya ko a ɗuwawu, a busasshiyar fata ba man shafawa, ban da nono. Idan gumi yana ɓamɓare ta, akwai na shafawa. Ta fata ta fi ƙwaya aminci wajen daskarewar jini.

Wannan kada ki yi wasa da shi: in mahaifarki na nan, dole a haɗa da furojestaron, homon da ke kare bangon mahaifa, galibi miligiram 100 kowane dare. Istirojin shi kaɗai yana kaurara bangon mahaifa, har yana iya kaiwa ga sankara.

Ki ba maganin wata 3. Ciwon nono da ɗigon jini kan zo da farko. Jinin da ya wuce wata 6 sai an duba.

Wadda ta taɓa sankarar mama, gudan jini a jijiya, shanyewar ɓarin jiki ko ciwon hanta ta gaya wa likita tukuna. A kuma gwada homon maƙoƙo (tayroid) da ƙarancin jini kafin a fara.