Ɗaukar jirgin ƙasa a kan sabuwar gada: amsoshin tambayoyinku

Saƙonnin wannan mako kusan duk hanya ɗaya suka bi. An buɗe sabuwar gadar jirgin ƙasa mai jigilar masu zuwa aiki safe da yamma, jama'a na zuwa kallo, kowa da waya a hannu, sai a koma gida a tarar hoton bai yi kama da abin da ido ya gani ba. Na tsamo guda biyar.

Tambaya: Malam barka da aiki. Duk sanda na ɗauka, gadar tana fitowa tar, jirgin kuwa dishi-dishi kamar an shafe shi da hannu. Wayar ce ba ta da kyau?

Amsa: Yawwa ɗan'uwa, barka kadai. Wayarka lafiyarta ƙalau, tunda ga gadar ta fito. Matsalar tana ga ƙiftawar kyamara, wato ɗan lokacin da take buɗe ido ta karɓi haske. Mu yi lissafi. Jirgin da ke gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Idan kyamara ta buɗe ido na 1/100 na daƙiƙa, kafin ta rufe jirgin ya gusa da santimita 28, ga dishi-dishin nan. Idan 1/1000 ne, bai kai santimita 3 ba, sai ya fito kamar a tsaye yake.

In ka bar waya ta zaɓa da kanta, duk lokacin da haske ya ragu tsawaita ƙiftawar take yi. Ga shi kuma jiragen masu zuwa aiki sun fi yawa da sassafe da gab da faɗuwar rana, daidai lokacin da hasken ba shi da ƙarfi. Don haka ka karɓe ragamar. A yawancin wayoyin Android akwai sashen da aka rubuta wa Pro a cikin kyamara. Shiga, nemi inda ake saita gudun ƙiftawa, sa shi 1/1000, ko 1/500 in gari ya fara duhu, ka bar ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, ya hau yadda ya ga dama. Hoton zai ɗan yi tsaki-tsaki. A ganina wannan ba abin damuwa ba ne, ana iya rage shi daga baya, amma jirgin da ya shafe ba manhajar da za ta dawo maka da shi. Masu iPhone, kyamarar da ta zo da wayar ba ta ba da wannan dama, sai an sauke wata manhajar kyamara mai saitin hannu.

Inda ka tsaya ma yana da tasiri. Jirgin da ke gitta ka kai tsaye ya fi wuyar kamawa. Wanda ke tahowa a karkace, kana ganin goshinsa da gefensa tare, motsinsa a cikin hoton kaɗan ne, kuma ya fi kyan gani, don gadar tana jan ido zuwa gare shi.

Abin da na fi so ka riƙe: kada ka bi jirgi da waya kana nemansa. Tun kafin ya zo ka zaɓi wurin da kake so ya kasance, ka ɗora yatsa a nan kan allo ka daɗe har wayar ta kulle saitin gani da na haske. Ka jira shi ya shigo cikin hoton da ka riga ka tsara. Da goshinsa ya doso, ka saki ɗauka a jere: a iPhone ka ja maɓallin ɗauka zuwa hagu, a Samsung ka ja shi ƙasa. Cikin ashirin za ka sami ɗaya da ya faɗa daidai.

In hannunka ya faɗa, gwada akasin haka. Sa 1/30 ko 1/60, ka juya jikinka daga ƙugu kana bin jirgin da gudunsa, ka danna ba tare da ka tsaya ba. Jirgin zai fito tar, ƙarafan gadar su zama zane-zane a bayansa. Za a yi ta ɓarna kafin a dace, amma hoton da ke nuna gudu ke nan.

Tambaya: A hotona turakun gada sun karkace, rubutun da ke goshin jirgi kuma ya fito rabi-rabi.

Amsa: Abu biyu ne daban. Kyamarar waya ba ta ɗaukar hoto gaba ɗaya a lokaci guda, layi-layi take karantawa daga wannan gefe zuwa wancan. In abu na gudu, ko kai kana juya wayar da sauri, kafin ta kai layin ƙarshe ya matsa, sai miƙaƙƙe ya fito a jirkice. Ja baya kaɗan, ko ka ɗauka a karkace, zai ragu. Rubutun kuwa ƙananan fitilu ne masu kunnuwa da mutuwa da saurin da ido ba ya kamawa. A 1/1000 kyamara kan same su wasu a kunne wasu a kashe. In sunan tashar kake so, jira inda jirgi ke rage gudu ka sauko wajen 1/60 zuwa 1/125.

Tambaya: Shingen waya ya tare ni, in na zuƙo kuma hoton ya fashe. Na ga wata ɓaraka da zan iya bi in hau gefen gadar. Minti biyu kawai zan yi.

Amsa: Don Allah ƙanena kada ka yi. Na daɗe a kan wannan saƙo fiye da sauran. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan dogo a mafi yawan layukan duniya milimita 1,435 ce, jikin jirgi kuwa ya kai kusan mita 3 a faɗi. Ma'ana yana leƙowa waje da ƙarfen ta kowane gefe, wanda ya tsaya yana ganin ai ba a kan layi yake ba, jirgin zai same shi. A kan gada kuma ina za ka kauce? Gefe ɗaya jirgi, ɗaya gefen rami.

Sabon layi ya fi tsoho yaudara. Ƙarafansa a haɗe suke da walda, babu ƙarar gaɓoɓin nan da ke sanar da zuwan jirgi tun daga nesa, jirgin lantarki kuma ba ya rugugi. Direba ko ya hango ka, sai ya ci ɗaruruwan mitoci kafin ya tsaya. In layin mai igiyar wuta ne a sama, da yawansu ƙarfin bolt 25,000 suke ɗauke da shi, kuma wutar tana iya tsallakowa ba sai an taɓa ba. Sandar ɗaukar hoto da ka ɗaga sama ta isa ta jawo maka wutar. Wasu layukan kuma a ƙasa wutar take, cikin ƙarfe na uku da ke gefen dogo.

Matsalar hotonka tana da magani daga inda kake tsaye. Idon kyamarar waya ƙarami ne, ka manna shi daidai tsakiyar ramin shingen, shingen zai ɓace daga hoton. Zuƙowa da yatsa biyu yanka hoto ne kawai da kumbura shi. Taɓa lambobin da wayar ta rubuta da kanta, 2x ko 3x ko 5x, domin a wayoyi da dama su ne ke da nasu ido na daban. In babu, kunna saitin megafiksel 48 ko 50 in wayarka na da shi, ka ɗauka daga nesa, ka yanke a gida. Filasha kuwa a kashe ta. Ba ta iya haska jirgi, sai dai ta kashe wa direba ido. Sannan dokar ɗaukar hoton gadoji da tashoshi ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, in ka ga ma'aikaci ko jami'in tsaro ka yi sallama ka tambaya tukuna.

Tambaya: Malam, ni mace ce mai son hoton dare. Yaya ake yin wanda fitilun jirgi ke zama dogayen layukan haske?

Amsa: 'Yar'uwa, nan jinkirin da ya ɓata wa mai tambayar farko hoto shi ne abokin aikinki. Ki ɗora wayar a kan madogari mai ƙafa uku, ISO a mafi ƙanƙanta, ƙiftawa daƙiƙa 4 zuwa 10, ki sa agogon jinkiri don kada yatsa ya girgiza ta. A iPhone, ki ɗauka da Live Photo sannan ki mayar da shi Long Exposure a cikin hotuna. Ki fito kafin sama ta yi baƙi ƙirin, lokacin da take da sauran shuɗi, siffar gadar za ta fito. Ki guji kafa madogarin a kan gadar masu tafiya a ƙasa ko jikin shinge, suna rawa in jirgi ko mota ta wuce.

Tambaya: Ta yaya zan san lokacin zuwan jirgi? Kuma me ya sa hoton ke lalacewa in na tura wa abokai?

Amsa: Nemi manhajar kamfanin jirgin, ko Google Maps a inda aka ba shi jadawali. Duba lokacin tashi daga tashoshi biyun da gadar ke tsakaninsu, ka auna da agogonka sau biyu ko uku, za ka gane minti nawa yake ɗauka ya iso. WhatsApp kuwa matse hoto yake yi. Taɓa HD kafin ka tura, ko ka aika shi a matsayin takarda. Sai dai takardar tana tafiya da duk bayanan da ke cikin hoton, har da wurin da aka ɗauka, don haka in daga tagar ɗakinka kake hango gadar, cire bayanin wuri kafin ka aika.