Amsa ga Ɗan Ƙanena a kan Tafiya Legas Neman Aiki

Ɗana, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, saƙonka ya iske ni, kuma na fahimci tambayarka. Ka ce wani abokinka ya samo maka aikin walda a wani kamfanin gine-gine da ke wajen Lekki a Legas, da albashin da ya ninka abin da kake samu a Kano, sannan ka tambaye ni ko har yanzu wajibi ne mai irin wannan tafiya ya nemi iznin iyaye, ya karɓi sallamar ubangidan da ya koya masa sana'a, ya kuma sauka a hannun mai masaukin da manya suka zaɓa masa, tun da yanzu da waya ake samun aiki, da ita kuma ake samun ɗaki. Ka ƙara da tambayar yadda ake yi da albashin farko. Amsata ita ce ka bi al'adar, domin a ganina ita ce za ta sa albashin nan da aka faɗa maka ya zama kuɗin da za ka iya riƙewa a hannunka.

Maganar iznin iyaye ba ta buƙatar dogon bayani. Ka san hadisin mutumin da ya zo wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana neman fita jihadi, aka tambaye shi ko iyayensa suna raye, da ya ce suna raye sai aka mayar da shi ga hidimarsu. Idan haka aka yi wa mai neman jihadi, mai neman albashi ya fi cancantar ya tsaya ya ji ta bakin mahaifinsa da mahaifiyarsa. Kuma neman izni daban yake da sanarwa: ana yin sa ne kafin a yanki tikiti, lokacin da za su iya cewa a dakata kuma a dakata ɗin.

Ubangidanka ma yana da hakki. Shekarun da ka yi a garejinsa kana ƙona masa wayar walda kafin hannunka ya faɗa, bashi ne da ba a biya da kuɗi, kuma wanda ya sulale ba sallama ya rufe ƙofar da zai iya bukatar komawa ta cikinta. Ka je tare da wani babba, ka yi godiya, ka nemi ya yaye ka a gaban shaidu, ya kuma ba ka takardar shaidar cewa a hannunsa ka koya. Idan ba ka da takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, ka nemi hanyar samunta, saboda a manyan kamfanoni sau da yawa da irinta ake bambance ƙwararre da lebura, kuma matsayin da aka rubuta ka da shi a ranar farko shi ne yake yanke albashinka na tsawon lokaci.

Batun masauki shi ne na fi so ka natsu ka ji. Tun zamanin da fatake suke bin madugu zuwa Gwanja sayen goro, Bahaushe ba ya shiga baƙon gari da ka. Yakan sauka a zango, a hannun fatoma, wanda zai ba shi wurin kwana, ya ajiye masa dukiyarsa, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan an ba shi bashi ko shi ya bayar. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kurmi ya bunƙasa, sai wannan tsari ya koma unguwanni irin su Agege a Legas da Sabo a Ibadan, wadda aka kafa a 1916. A kansa ne mutanenmu suka iya aika shanu na maƙudan kuɗi zuwa hannun wanda ba su taɓa gani ba, ba banki ba lauya, kuma kuɗinsu ya dawo. Abin da ya riƙe tsarin shi ne kowane baƙo yana da wanda ya san asalinsa, wanda za a je wurinsa idan baƙon ya yi ɓarna, wanda kuma zai tashi idan an zalunci baƙon.

Wannan bukata ba ta gushe ba. Wuraren aiki da yawa a Legas ba sa ɗaukar mutum sai ya kawo garanto, mazaunin gari mai adireshi da sana'a sananniya, kuma masu gidajen haya ma sukan nemi haka. Abokinka, Allah ya saka masa da alheri, shi ma baƙo ne mai neman na kansa, kuma ranar da aka riƙe maka albashi ko 'yan sanda suka kwashe ku a samame, ba shi da muryar da za a saurara. Mai masaukin da ya yi shekaru a Agege ko Idi-Araba ko kasuwar Mile 12 ya san fadar Sarkin Hausawa, ya san shugabannin ƙungiyoyin sana'a, ya kuma san ta wace ƙofa ake shiga. Baƙo makaho ne ko da yana da ido. Na san Agege da Lekki akwai nisa ƙwarai, kuma ba zai yiwu ka riƙa kai da komo tsakaninsu kullum ba. Manufar ita ce ka sauka a hannunsa kwanakin farko, shi kuma ya damƙa ka ga wanda ya amince da shi a kusa da wurin aikin, a Obalende ko Ajah, ta yadda za a san a hannun wa kake.

Game da albashin kuwa, ina roƙonka kada girman adadin ya ɗauke maka hankali. A watan Yulin 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000, daga baya jihar Legas ta sanar da naira 85,000, Kano kuma ta sanar da naira 71,000. Bambancin naira 14,000 ne kawai, alhali tazarar da ke tsakanin tsadar ɗaki a Legas da kwana a gidan ubanka a Kano ta wuce haka nesa ba kusa ba. A can mai gida yakan nemi kuɗin hayar shekara guda a dunƙule, sannan ga kuɗin ɗan kamasho, ga na rubuta yarjejeniya, ga wanda ake ajiyewa saboda ɓarna, duk kafin ka shimfiɗa tabarma. Kuɗin mota ya yi tashin da kowa ya sani tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuma abincin da kake ci a gida ba tare da lissafi ba, a can kowace loma saye ce. Saboda haka abin da za ka auna shi ne ragowar da za ta saura a ƙarshen wata bayan haya da mota da ci, ka kwatanta ta da ragowarka ta yanzu.

Ka kuma binciki irin aikin. Dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma ba ta shafi masu aikin jinga ko na kamasho ba. Yawancin aikin gini ta hannun 'yan kwangila ake ɗaukar mutane, a biya su da kwana, kuma damina a Legas doguwa ce, ranar da ruwa ya hana aiki ba kowa ke biya ba. Ka tambayi abokinka ko albashin wata ne ko lissafin kwanaki ne aka tara aka faɗa maka, wane ne zai riƙa biyanka, ko akwai takardar ɗaukar aiki da sunanka, ko ana cire kason fansho, wanda doka ta sa kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci da kashi 10 daga mai kamfani, da kuma wanda zai ɗauki nauyin magani idan ƙarfe ya faɗo maka ko wutar walda ta taɓa idonka. Idan amsoshin ba su fito fili ba, to aikin kwangila ne mai ƙarewa, kuma sai ka tafi da guzurin wata biyu da kuɗin motar dawowa a keɓe. Kada ka sa rai cewa idan aikin ya tsaya za ka hau acaɓa kamar yadda yayyenku suka yi, domin tun 1 ga Yunin 2022 gwamnatin jihar ta hana shi a ƙananan hukumomi shida, har da Eti-Osa inda Lekki take, daga baya kuma ta ƙara wasu.

Akwai kuma ladabin zama da masu gari, wanda yana cikin abin da mai masauki yake koya wa baƙonsa. Yarabawa mutane ne masu girmama gaisuwa da shekaru, saboda haka ka koyi gaisuwarsu, ka kiyaye harshenka a cikin mota da kasuwa. Rikicin Mile 12 na watan Maris 2016 daga ƙaramar hatsaniya ya faro, amma sai da aka rasa rayuka, aka rufe kasuwar, talakawan ɓangarorin biyu suka yi asara. Laifin yaro ɗaya a baƙon wuri yakan shafi dukan waɗanda ake kira da sunan garinsu.

Albashin farko kuma al'ada ce a kai wa iyaye su sa albarka, su ɗauki abin da suka ga dama su mayar da saura, a kuma fitar da ɗan ihsani ga ubangida da mai masauki. Ba farilla ba ce, amma ban ga dalilin barinta ba. Abin da nake ja maka kunne a kai shi ne abin da zai biyo baya: ka yanke adadin da za ka iya aikowa kowane wata ba tare da ka ci bashi ba, ku yi maganarsa da mahaifinka tun yanzu, kuma kada ka yayata albashinka a cikin dangi, saboda da zarar an ji adadin za a auna bukatu da shi, ba wanda zai cire maka kuɗin haya a lissafinsa. Ka shiga adashi da mutanen da mai masaukinka ya sani, da niyyar mallakar injin waldarka da janareta, domin a wannan sana'a mai kayan aikinsa ne yake yanka wa kansa farashi.

Ka nemi abokin naka ya turo maka amsoshin tambayoyin nan a rubuce, ka kuma tanadi katinka na ɗan ƙasa. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ka same ni a gida, mu je wurin mahaifinka tare, daga nan kuma in kira mutumin da nake so ka sauka a hannunsa a Agege domin ya ji daga bakin mahaifinka. Ka gaishe mini da mahaifiyarka da ƙannenka.

Wassalam, daga baffanka.