Faransanci, Italiyanci ko Sifaniyanci: amsar ƙanena

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Ƙanena da ya tambaya tsakanin Faransanci da Italiyanci da Sifaniyanci wanne ya fi sauƙi, yana so ya fara kafin ya gama hidimar ƙasa, na ga an ce masa ai duk ɗaya ne tunda daga Latin suka fito. A'a, ba ɗaya ba ne. Kowanne da inda yake kayar da mutum.

In ana maganar baki da kunne, Sifaniyanci ne ya fi wa Bahaushe sauƙi, ba ko tantama. Wasulansu biyar ne, a, e, i, o, u, irin namu na boko, kuma yadda aka rubuta haka ake faɗa. Abin kiyayewa kaɗan ne: h ba a furta ta, j kamar "kha" ta Larabci take, b da v sauti ɗaya ne. R ɗin nan mai kaɗa harshe da ke wahalar da Bature, pero da perro, wato "amma" da "kare", mu dama r biyu gare mu, ka saurari bara ta almajiri da bara mai aikin gida. Inda za ka sha wuya aikatau ne. A Hausa sai ka ce na ci, ka ci, mun ci, "ci" tana nan ba ta motsi. Su wutsiyar kalmar ke canzawa, kamar a "yin magana": hablo, hablas, habla, hablamos, habláis, hablan, kuma ba sa damuwa da faɗin "ni" ko "kai". In wutsiyar ta wuce ka, ba ka san wa ake nufi ba. Ga su da saurin magana. Ser da estar, aikatau biyu da Turanci ke cewa "to be", da ake tsorata mutane da su kuwa, kusan bambancin "malami ne" da "yana gida" ne, ka gane?

Italiyanci shi ma ana karanta shi yadda aka rubuta. Ci da ce nasu irin namu ne sak, in ka ga chi sai ka ce ki. Suna da shadda: nono na tara ne, nonno kaka namiji, pena wahala, penna biro. Wanda ya san baba da babba ai ba sai an koya masa ba. Amma nahawunsa ya fi na Sifaniyanci tarkace. Abin da Turanci ke cewa "the" kawai, su guda bakwai ne: il, lo, l', la, i, gli, le, sannan su manne da wasu ƙananan kalmomi su koma del, dello, della, nel, sul. Jam'i kuma ba s ake ƙarawa ba, wasalin ƙarshe ke juyawa, ragazzo yaro, ragazzi yara maza, ragazza yarinya, ragazze 'yan mata.

To, Faransanci. Nan ne rubutu daban, magana daban. Beaucoup haruffa takwas, a baki "boku". Parle, parles, parlent, rubutu uku, sauti ɗaya. Vert, verre, vers, ver, wato kore, kofin gilashi, wajen, tsutsa, duk a kunne abu ɗaya ne, jimla ce za ta raba maka. Akwai wasulan hanci, an, on, in, wanda ya yi tajwidi ya tuna gunna, amma kada ka ƙarasa da n ɗin. R ɗinsu a maƙogwaro take, kusa da "gain" ta Larabci. U da ou ba ɗaya ba ne: dessus a sama, dessous a ƙasa. Yadda za ka yi u, ka ce "i", kada ka motsa harshe, sai ka tsuke leɓe kamar mai fito. Sannan suna sadar da kalmomi, les amis ya koma "lezami", ka yi ta neman lezami a ƙamus ba ka samu ba.

Kai, ga kuma lissafi. Saba'in wai sittin da goma. Tamanin, ashirin huɗu. 97 kuwa quatre-vingt-dix-sept, huɗu, ashirin, goma, bakwai. Ana karanto maka lambar waya, ka ji quatre ka rubuta 4, ka ji vingt ka rubuta 20, ka ga ka lalata lambar. Ƙa'idar ita ce kada ka sa biro sai mutum ya dire. A Beljiyam da Suwizalan septante da nonante suke cewa, sun huta, amma maƙwabtanmu salon Faransa suka ɗauka. Ka haɗa wannan da ƙirgar sefa da ake yi da dala-dala a Nijar, dala ashirin sefa ɗari, ai sai ɗan canji ya... to, bari dai in bar wannan.

Yauwa, akwai abin da zai bi ka cikin ukun gaba ɗaya: p da f da v. Port tashar jirgin ruwa da fort mai ƙarfi a Faransanci, puente gada da fuente maɓuɓɓuga a Sifaniyanci. Ka riƙe madubi, p leɓe biyu ne ke haɗuwa, f haƙoran sama ne a kan leɓen ƙasa. Jinsi kuwa mun saba da shi. Kalma mai ƙarewa da a galibi mace ce a Sifaniyanci da Italiyanci, kamar riga da mota, sai 'yan kaɗan irin el día da suke fanɗarewa yadda gida da ruwa suka fanɗare a namu. Faransanci ne ƙarshen kalma bai cika nuna maka ba, saboda haka ka haddace kowace da le ko la nata tun farko.

Na ce Sifaniyanci ya fi sauƙi, to in gyara, a watannin farko nake nufi. Kai da ke zaune a Gombe, da wa za ka yi shi? Ƙasashe wajen 20 ke aiki da shi, amma a Afirka Ikwatoriyal Gini ce kaɗai. Italiyanci kuwa in ba karatu ko aiki a Italiya ba, ban ga dalili ba. Faransanci fa? Kamaru, Cadi, Nijar, Benin, duk suna jikinmu. Ka bi ta Yola ka shiga Garwa, Fillanci da Hausa za su fisshe ka a kasuwa, amma takardar kwastan da ta jandarma da Faransanci take. Akwai Alliance Française a Jos da Kano da Maiduguri, akwai ƙauyen koyon Faransanci na Badagry tun 1991. Kuma mai Turanci ya riga ya san kalmomi da yawa a rubuce, nation, information, gouvernement, sai dai ka kula, librairie shagon littattafai ne, ba laburare ba.

Makarantar horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta sa ukun a rukuni ɗaya, awa 600 zuwa 750 na aji ga mai jin Turanci. Awa ɗaya kullum, kusan shekara biyu ke nan. Masu cewa wata uku da manhajar waya, ku bar yaudarar yara. Kuma abin da ke ba ni haushi, a cika allo da je suis, tu es, il est shekara uku a ƙaramar sakandare, yaro bai taɓa jin mai harshen ya yi magana ba. Ka raba awarka: minti 20 sauraro kana maimaitawa da ƙarfi, minti 20 aikatau, saura ka yi magana da mutum ko da a waya ne. In takardar shaidar iya harshe kake nema, DELF ce ta Faransanci, matakinta na B2 jami'o'i suka fi tambaya, DELE ta Sifaniyanci, CILS ko CELI ta Italiyanci. Ka turo min abin da kake son yi da harshen, karatu ne ko fatauci ko aikin ƙungiyoyin agaji, sai in faɗa maka ta inda za ka fara.