Tambayi Bakanike: Ina Iyakar Ƙara wa Injin Turbo Ƙarfi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Golf GTI ƙirar 2011, 'yar Kwatano. Wani mai gyaran ƙwaƙwalwar mota ya ce zai ɗora mata sabon tsari, ta tashi daga ƙarfin doki 210 zuwa 260 ba tare da an kwance ko noti ɗaya ba. Injin zai ɗauka kuwa? Daga mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ƙarfen injin zai ɗauka. Injin EA888 mai lita 2.0 da ke cikin motarka yana jure wannan ƙarin da fistan da rodinsa na asali. Damuwar tana wajen fetur ɗin da za ka zuba masa da iskar da zai shaƙa.

Sabon tsarin yana sa turbo, wato na'urar da ke matsa iska zuwa injin, ya ƙara cusa iska cikin silinda, a ƙara mai, a kuma gaggauta tartsatsin fulogi. Iska idan aka matse ta zafi take yi. Da zafin ya haɗu da fetur mai ƙarancin okten, wato ma'aunin yadda fetur ke jure matsi ba tare da ya fashe ba, sai ragowar man ya fashe da kansa kafin wutar fulogi ta iso gare shi. Wannan fashewar ce ke fasa gefen fistan inda ringi yake zama, ta daki metal, daga baya a ce injin ya buga. Yawancin tsare-tsaren da ake saukowa da su daga Turai an rubuta su ne don fetur mai okten 98 da iska mai sanyi. Namu fetur ɗin yana wajen 91, ranar Afrilu kuma a Sakkwato ko Maiduguri takan haura digiri 40. Don haka tambayar farko da za ka yi wa mai gyaran ita ce: don wane fetur aka rubuta tsarin? In ya fara kame-kame, ɗauki makullinka.

Kafin a taɓa komai, a auna matsin kowace silinda. Bambancin babba da ƙarama kada ya wuce kashi 10 cikin 100. A duba abin da ke ɗaure sarkar taimin, domin na shekarun farko na wannan injin an san shi da saki, sarka ta tsallake haƙori, bawul ya haɗu da fistan. A sa sababbin fulogi da suka fi na asali saurin fitar da zafi da mataki ɗaya, a rage bakinsu zuwa milimita 0.7, saboda matsi mai yawa yana kashe tartsatsin da ya yi tsawo. A wanke intakula, wato lagireton da ke sanyaya iskar turbo, wanda ƙurar hunturu ke toshe wa haƙarƙari.

Bayan an ɗora tsarin, a haɗa kwamfuta a hau titi da rana tsaka, a taka a giya ta uku daga juyi 2,500 har zuwa 6,000. Idan ƙwaƙwalwa tana janye taimin, wato tana jinkirta tartsatsin fulogi, fiye da digiri 3 ko 4 a wata silinda, fetur ɗin ya gaza, a rage iska. Ma'aunin lamda, mai nuna yawan iska a kan mai, ya zauna wajen 0.80 a cikakken taki. In yana hawa kusa da 0.90, mai ya yi kaɗan kuma fistan na gasuwa. Ni dai shawarata, doki 240 da ba ya janye taimin ya fi 260 da ke kan takarda kawai.

Kada ka manta da giya. In DSG ce, wato giya mai canza kanta, mai hawa shida, an tsara ta a kan ƙarfin murɗa kusan 350 a ma'aunin Nm. Motar ta fito da 280, sabon tsarin kuma yakan kai ta bakin iyakar ko ya wuce. In ta hannu ce, kulocin asali ne zai fara sulɓi.

Tambaya: Ranka ya daɗe, Honda Accord 2018 mai lita 1.5 fa? Abokaina suna ta zuga ni. Daga mai karatu a Kano.

Amsa: Bar ta yadda take, ɗan'uwa. Ƙaramin injin ne da kamfani ya riga ya tatsi doki 192 daga cikinsa, kuma an sha kokawa da ƙonewar gasket ɗin kan silinda ko a waɗanda ba a taɓa ba. Yawanci giyarta CVT ce, wato mai canza kanta ba hawa-hawa ba, bel ɗin ƙarfe ke ja, ba ta son ƙarin murɗa. Abin da zai amfane ka shi ne baƙin mai mai lambar API SP, wanda aka yi don rage fashewar mai a ƙaramin juyi, sannan ka daina danne totur har ƙasa alhali injin na ƙasa da juyi 2,000. Nan ne rodi ke lanƙwashewa.

Tambaya: An ƙara wa Hilux ɗina mai gas, lita 3.0, ƙarfi. Tana ja sosai, amma tana baƙin hayaƙi idan ta ɗauki kaya. Akwai matsala? Daga mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Akwai, Alhaji. Baƙin hayaƙi gas ne da ya fi iskar da za ta ƙone shi yawa. A injin gas, yawan mai zafi yake ƙarawa, kuma injin 1KD na wannan motar an san fistan ɗinsa da tsagewa idan zafi ya daɗe a kansa. A sa ma'aunin zafin hayaƙi a bututun da hayaƙi ke bi kafin ya shiga turbo. In allura tana zama sama da digiri 700 a hawa da kaya, ɗaga ƙafa ka sauko giya ɗaya. A koma wurin mai tsarin ya rage mai har hayaƙin ya ɗauke, a gwada nozul huɗun da ke fesa gas cikin silinda a benci, a canza wosholin da suke zama a kai. Idan wosholin suna yoyo, gawayi yana gangarawa cikin baƙin mai ya toshe rariyar famfo, metal ya rasa mai. In ka sauko daga doguwar tafiya, bar injin ya yi silo na minti biyu kafin ka kashe, don man da ke cikin turbo kada ya ƙone.