Me ya sa irin tik ya ƙi tsirowa?

Tambaya: Ina son kafa gandun itatuwan katako. Na shuka irin itacen tik (teak) a leda, na jera a inuwa, ina ban ruwa safe da yamma. Wata guda ke nan, 'yan ƙalilan ne suka fito. Irin ne ya mutu?

Amsa: Malam, kada ka yi saurin zubar da ledojin, halin tik ke nan. Abin da ka shuka ɗan itacen ne ɗungurungum: ɓawo a waje, ƙwallo mai taurin gaske a ciki. Ƙwallon yana da ɗaki huɗu, amma galibi ɗaya ko biyu ne ke da ƙwaya. Sai ya tsage tsiro zai samu hanya.

Shi ya sa masu renon dashe ke wahalar da irin kafin shuka. A jiƙa shi a ruwa ya kwana, da safe a baza shi a rana ya bushe, da yamma a mayar da shi ruwa. Haka za a yi ta yi kwana 7 zuwa 14. Kumbura da motsewar nan ne ke raunana ƙwallon.

A ganina ma inuwar ta fi cutar da kai. Tik na son zafi da haske tun yana iri. A baza shi a fangali mai yashi inda rana ke bugawa sosai, a rufe da ƙasa kamar santimita 1. Yakan fara fitowa cikin mako biyu zuwa uku, wani kuma sai bayan watanni. Leda ba dole ba ce. In dashen ya shekara, gindinsa ya kai kaurin babban yatsa, a tumɓuke shi, a bar kara santimita 2 zuwa 3 da saiwa 15 zuwa 20, a datse ƙananan saiwoyi, a dasa da faɗuwar damina.

Sai dai ba kowane iri ake yi wa haka ba. Na darbejiya da na maɗaci ba sa jure ajiya, da ɗanyensu ake shuka su. Na bagaruwa kuwa ruwan zafi yake so.

Ledojinka dai ka fitar da su rana, ka rage ruwa don kada waɗanda suka fito su ruɓe a gindi, ka ƙara wa sauran wata guda.