Yadda kifin salmon da trout suka isa Ostiraliya

Malam, ka tambaya wai ta yaya Turawa suka kai salmon da trout Ostiraliya tun babu jirgin sama babu firij. Ai ba kifin suka ɗauka ba, ƙwansa suka kai.

Sun sha asara fa, an gwada a 1852 da 1860 da 1862 duk ƙwan ya lalace a hanya saboda zafi, sai wani James Youl ya gano dabara, a shimfiɗa ƙwan cikin jiƙaƙƙen gansakuka a ƙananan akwatunan katako sannan a binne su cikin ƙanƙara, sanyin na sa ƙwan ya yi jinkirin ƙyanƙyashewa. A haka jirgin ruwa mai suna Norfolk ya taso daga Landan a Janairun 1864 da ƙwan salmon wajen 100,000 da na trout kamar 3,000, tafiyar kusan wata uku, aka ƙyanƙyashe su a bakin kogin Plenty a tsibirin Tasmaniya na Ostiraliya.

Abin dariyar, salmon ɗin da aka yi wahalar dominsa ya tafi teku bai kafa zuri'a ba. Trout ɗin da aka cusa kamar gyara shi ya yi ta hayayyafa, har aka ɗebi ƙwansa zuwa New Zealand a 1867.